Ƙarfin Doki da Ƙarfin Murɗawa a Injin Mota: Lacca ga Manoma da Direbobin Kafur

 

Mas'alar da aka ɗora mini in warware a yau ta samo asali ne daga wata gardama wadda duk mai zama a tashar Malumfashi ko bakin kasuwar hatsi ta Dandume ya sha jin irinta, wato yadda za a yi a ce tantan ƙirar Massey Ferguson 375, wadda ƙarfinta doki 75 ne kacal, tana jan garma ta tsaga ƙasa mai danƙo tun hantsi har la'asar, alhali kuwa tsohuwar Fijo 504, irin wadda aka riƙa harhaɗawa a Kaduna tun daga 1975, mai inji lita biyu da doki fiye da 90, in aka ɗaura mata garmar nan ko taku goma ba za ta yi ba. Masu gardamar duk suna da gaskiya a kan abin da idonsu ya gani. Inda suka saɓa shi ne sun ɗauki abubuwa biyu sun ba su suna ɗaya, su ce ƙarfi. To malamanmu na fiƙihu ba sa yanke hukunci a kan abu sai sun yi masa ta'arifi, saboda haka mu ma mu bi wannan ladabi.

Mu fara da asali kafin reshe. Duk wanda ya taɓa tsayawa kan bakanike yana fama da notin tayar gingimari ya san cewa, idan notin ya ƙi, bakaniken ba ya kiran wani ƙato, sai dai ya nemo dogon bututun ƙarfe ya zura wa sifanar, ya taka can ƙarshensa, nan take notin ya saki. Nauyin bakaniken bai ƙaru ba, tsawon hannun ne ya ƙaru. Wannan abu da ya kwance notin, wanda ya haɗa nauyin dannawa da tsawon hannun da aka danna, shi ne ƙarfin murɗawa. Masana handasa suna auna shi da ma'aunin da suka raɗa wa sunan Ishaƙu Niyuton, malamin hisabi na Ingila: in ka ɗora kilo 20 a ƙarshen hannu mai tsawon mita ɗaya, ka sami murɗi kusan 196, in hannun rubu'in mita ne, 49 kaɗai za ka samu. Kakanninmu masu lambu a fadama sun san wannan hikima tun kafin zuwan mota, domin jigon ban ruwa a kanta aka gina shi. Haka kuma malam Al-Jazari, wanda ya kammala littafinsa na dabarun handasa a shekarar 1206 a Diyarbakir, ya zana injin ɗaga ruwa mai lanƙwasasshen hannu da sanda, irin tsarin da a yau yake mai da hawa da saukar fistin su zama juyin karanshaf.

Amma ku lura da wani abu mai muhimmanci: bakaniken nan zai iya tsayuwa kan bututun ya yi gumi sharkaf, notin bai motsa ba. Murɗi yana nan, aiki kuwa babu. Ashe ke nan ƙarfin murɗawa bai san lokaci ba, bai kuma san tafiya ba. Iyakarsa ya gaya maka tsananin matsawar.

Ƙarfin doki shi ne ya shigo da lokaci cikin lissafi. James Watt, mutumin Sikotilan da ya rayu daga 1736 zuwa 1819, da ya gyara injin tururi yana son sayar da shi ga masu ma'adinai da masu masaƙa waɗanda dawaki ke yi musu aiki, sai ya ga ba za su fahimce shi ba sai ya yi musu magana da abin da suka sani, don haka ya ƙiyasta aikin doki, ya ce daidai yake da ɗaga fam 33,000 tsawon ƙafa ɗaya cikin minti ɗaya. In muka mai da shi ma'aunin kasuwarmu, doki ɗaya shi ne ɗaga buhun masara mai kilo 100 sama kimanin santimita 76 cikin kowane sakan, ba hutawa. Sunan dai majazi ne, kuma ɗan kasuwa ne ya raɗa shi don tallar hajarsa. Ba laifi, tun da ma'aunin ya tsaya cik bai sauya ba.

Yanzu ga igiyar da ta ɗaure su, wadda ita ce zuciyar wannan lacca. Ƙarfin doki ba wani abu ba ne face ƙarfin murɗawa da aka ninka da yawan juyin inji a minti, sa'an nan a raba da kimanin 7,120. Mu ƙaddara injuna biyu. Na farko murɗinsa 300 ne, yana juyi 1,500 a minti. Na biyu murɗinsa 100 ne kawai, amma yana juyi 4,500. Ku buga lissafin, za ku tarar dukansu doki 63 ne. Kamar 'yan dako biyu ne a kasuwar Bakori, ɗaya ya saɓa buhu guda ya tafi a hankali, ɗayan ya ɗauki sulusin buhu ya yi sahu uku a guje. In an yi sallar azahar, abin da suka loda daidai ne, amma duk wanda ya kalle su ya san halinsu ba ɗaya ba ne, kuma ya san wanda zai riga ɗan'uwansa gajiya.

Mu mutanen wannan yanki bai kamata a wahalar da mu da misalin Turawa ba, tun da muna da shanun huɗa. Dokin Hakimi ya fi bajimin sa gudu nesa ba kusa ba, kuma in lissafin Watt za a bi, sa guda a aikin yini bai cika kai ƙarfin doki ɗaya ba. Duk da haka ba wanda ya taɓa ganin manomin auduga a Gozaki ko Mahuta ya ɗaura wa dokin hawa garma, domin gona ba ta neman sauri, ja take nema mai nauyi, mai ɗorewa, wanda ba ya yankewa in bakin garma ya ci karo da saiwa. Injin gas shi ne san, injin fetur shi ne dokin. Injin gas, irin wanda Rudolf Diesel ya fitar a Jamus a 1897, yana matse iska ninki 16 zuwa 20, har ta yi zafin da mai zai kama da kansa ba tare da filogi ba, alhali na fetur matsinsa bai cika wuce ninki 8 zuwa 11 ba. Ga shi kuma fistin ɗinsa yana da doguwar tafiya, wato hannun karanshaf ɗinsa dogo ne kamar bututun bakaniken ɗazu. Shi ya sa yake ba da murɗi mai yawa tun yana juyi a hankali. Dalili ke nan tun zamanin shirin bunƙasa noma na Funtua, wanda aka fara a 1975 da tallafin Bankin Duniya, har zuwa yau, tantan da manyan motocin da ke kwasar taki da auduga da masara duk gas suke sha.

Wani mai kaifin hankali a cikinku zai ce, to ai giya tana nan. Na yarda, kuma hujjarsa mai ƙarfi ce. Giyabos ɗan canji ne: ka ba shi juyi ya ba ka murɗi, ko ka ba shi murɗi ya ba ka juyi, amma ba ya ƙara ko doki ɗaya daga aljihunsa, sai ma ɗan ladan da yake cira ta hanyar gogayya da zafi. Lamba ɗaya tana ninka murɗin da ke isa taya, ta rage gudu. Lamba huɗu ko biyar ta yi akasin haka. Bisa ƙiyasi, in aka yi wa injin Fijo giya mai nauyi ƙwarai zai ja garma. Sai dai dokinsa 90 ɗin nan ba sa fitowa sai yana kururuwa wajen juyi 5,000 a minti, kuma injin da aka tsare a wannan hali yini guda cikin ƙura da zafin watan Mayu ba zai kai kaka ba. Tantan kuwa tana ba da nata a wajen juyi 2,000 da 'yan kai, tana gurnani cikin natsuwa. Kuma in ƙasa ta yi tauri juyinta ya ragu, murɗinta sai ya ƙaru maimakon ya faɗi, ta ja ta wuce ba a sauya giya ba. Wannan hali, a ganina, shi ya fi cancanta mai saye ya bincika, amma dillalai sun fi son ambaton doki, saboda adadinsa ya fi daɗin faɗi.

Saura sharaɗi guda wanda in babu shi duk bayanin nan ya ɓaci, shi ne riƙon ƙasa. Murɗi komai yawansa, in taya ba ta kama ba, juyi za ta yi a wuri ɗaya tana haƙa wa kanta rami, kamar yadda akori-kura ke yi in ta kafe a taɓon hanyar ƙauye cikin watan Agusta. Direban da ya danna totur a wannan hali ya ƙara juyi ne, alhali juyi ba shi ya rasa ba. Wanda ya sa lamba biyu, ya saki kuloci sannu a hankali, ya sa yaran mota suka hau baya don nauyi ya danne tayoyin, suka cusa ƙirare da duwatsu a ƙarƙashi, shi ne yake fita. Saboda wannan ne aka yi wa tantan manyan tayoyin baya masu haƙora, har wani lokaci akan ɗura musu ruwa, a rataya mata ƙarafa a gaba, don kada goshinta ya ɗaga in garma ta nutse.

Shugaban wannan zama, ranka ya daɗe, na ga makanikan da ke zaune a baya tun ɗazu suna ɗaga hannu, sai a ba su dama.