Na'urar Nutso: Wacce Ta Dace da Ruwanmu?



Kogin Sakkwato ya ratsa Gusau ya bi ta Bungudu, kuma tun kaka da kakanni muna da gwanayen nutso masu riƙe numfashi. Jawabinmu na yau ya shafi wanda zai goya tukunyar iska ya daɗe a ƙasa, don duba ƙofar madatsar ruwa ko tsamo wanda ya nutse. Muddin yana can, iskar naitirojin tana shiga jininsa. Idan ya yi gaggawar tasowa, sai ta yi kumfa a jiki, ta kai shi ga shanyewar gaɓoɓi ko mutuwa. Tun 1908 Haldane na Birtaniya ya tsara jadawalin tasowa daki-daki, yau kuwa kwamfutar da ake ɗaurawa a hannu kamar agogo ke wannan lissafi.

Mu ɗauki biyu. Suunto Zoop Novo, ƙirar ƙasar Finlan, tana da manyan lambobi baƙaƙe, da ƙaramin batir da mai ita zai canza da kansa. Shearwater Peregrine ta Kanada, wadda ta fito a 2020, fuskarta mai launi ce, tana haske ko cikin ruwan damina mai laka, amma sai an yi mata caji. Wanda ya san halin wutar lantarki a Tsafe ba ya bukatar ƙarin bayani.

Sai dai akwai wani tarko. Gusau tana bisa tudu, sama da mita 400 daga doron teku, nauyin iska kuwa yana raguwa a tudu, don haka jini ya fi saurin kumfa. Peregrine tana auna nauyin iskar da kanta. Zoop sai an gaya mata da hannu cewa an wuce mita 300. Idan an manta, za ta yi lissafi kamar ana bakin tekun Legas, ta ba mai nutso lokacin da ba nasa ba, alhali ba ta lalace ba.

A ganinmu, ga ma'aikacin da aka horar, Zoop ta wadatar, ga sauƙin kuɗi. Amma inda na'ura ɗaya za ta riƙa yawo hannu-hannu tsakanin masu ceto, mun fi amincewa da wadda ba ta jiran a tuna mata, ko da za a haɗa ta da farantin sola.