Lambunan Fadamar Rima: Jawabin Sakataren Gidauniya a Taron Shekara

 



Duk wanda ya saba bin hanyar Birnin Kebbi zuwa Argungu tun yana yaro zai shaida cewa lambunan gefen fadama sun ragu. Inda a da mangwaro da gwaiba da giginya suka yi sahu, yau kututture ake gani. A gidanmu na ga yadda abin ke faruwa. Da kakanmu ya rasu aka raba lambunsa tsakanin magada. Wanda bukata ta matsa wa ya sayar da itatuwan kasonsa ga masu gawayi, damina biyu ba ta cika ba aka mayar da wurin gonar shinkafa.

Shinkafa alheri ce, kuma a nan Birnin Kebbi aka ƙaddamar da shirin lamunin manomanta a watan Nuwamba 2015. Sai dai ambaliyar 2010 da ta 2020 sun koya mana cewa wanda ya jingina da amfani guda, dare ɗaya na iya raba shi da guminsa. Mangwaron da ke kan tudu kuwa yakan nuna da bazara, daidai lokacin da rumbu ya fara yin ƙasa. Giginya ta ba da 'ya'ya da muruci da azara, goriba ta ba da kaba.

A mazhabar Malikiyya da muke bi, ana fitar da zakka daga hatsi da dabino da zabibi da zaitun. Mangwaro da gwaiba ba sa cikinsu. Saboda haka ƙofar da talaka zai samu rabo mai ɗorewa daga lambu ita ce waƙafi. Sayyidina Umar ya samu fili a Khaibara, Annabi (SAW) ya shawarce shi da ya tsare asalin, ya yi sadaka da amfanin. Tun daga nan hukuncin ya tabbata: abin da aka yi waƙafinsa ba a sayarwa, ba a kyautarwa, ba a gadonsa. Da kakanmu ya yi haka, da lambunsa na nan.

Don haka sakatariya na roƙon abu uku. Na farko, mai tsohon lambu ya yi waƙafinsa tun yana raye, ko ga zuriyarsa ko ga makarantar allo ko ga marayu, a rubuce, da shaidu, da sanin hakimi. Na biyu, a naɗa wa kowane lambu wakili amintacce da zai riƙa shinge da ban ruwa da sassabe daga cikin kuɗin amfanin, kafin a raba saura. Na uku, a cike gurbin itatuwan da suka mutu da mangwaro mai aure, wanda ke soma 'ya'ya cikin shekara 3 zuwa 4, a dasa shi a gefen tudu, domin ba ya jure kwanciyar ruwa mai tsawo.

Giginya takan daɗe kafin ta haihu, mai shuka ta sau da yawa jikokinsa yake shuka wa. Waɗanda muke ci yau wasu ne suka shuka mana su, Allah Ya jiƙansu. Rajistar waƙafin lambuna tana hannun sakatariya, muna jiran wanda zai fara sa hannu.

Allah Ya karɓa daga gare mu, Ya sanya albarka a fadamarmu.