Jawabi Kan Faɗan Yara a Ƙofar Gida

 

An ba mu 'yan mintoci mu yi magana kan abin da wasu za su ce ƙarami ne. Yaro ɗan shekara 4 ko 5 ya fita wasa, ya ƙwace motar gwangwanin ɗan maƙwabci, ko ya watsa masa ƙasa a ido, ko ya gantsara masa cizo. Ƙarami ne, haka ne. Amma dattawan da ke zaman sulhu a ƙungiyar nan sun san sau nawa aka bi sawun gabar manya aka tarar daga nan ta taso.

Jama'a, mu tuna inda muke zaune. Tun da Umaru Nagwamatse ya kafa Kontagora a 1864 garin nan ke tara mutane. Mu fatauci ya kawo iyayenmu, wasu daga Sakkwato da Zamfara, wasu daga Katsina da Kano. Ga Kambari da Dukawa da Dakarkari, ga Nufawa da Gwarawa, ga Yarbawa da Ibo da muke haɗa rumfa da su a kasuwa. 'Ya'yanmu da nasu a ƙasa ɗaya suke wasa. Su yaran, kafin a kira magariba sun shirya, sun koma langa da carafke abinsu. Mu ne za mu shekara ba ma gaisawa, har ciniki ya mutu tsakanin gida biyu.

To, idan naka ne ya yi laifi fa? Iri biyu muke gani. Akwai uban da zai fito da bulala ya zane yaro a gaban abokansa, wai don maƙwabta su shaida ba ya ɗaure wa ɗansa gindi. Wannan maƙwabta ya yi wa, ba yaron ba. Ɗan shekara 4 bai san me ya sa aka doke shi ba, abin da ya gani kawai shi ne babba ya bugi ƙarami, gobe kuwa sai ya gwada a kan ƙaninsa. Akwai kuma uwar da za ta yafa mayafi ta fito tana cewa ɗanta ba ya haka. Hajiya, yana yi. Duk suna yi.

Abin da muke ba da shawara ba shi da wuya. Ka je da kanka, kada ka tsaya daga zaure kana ƙwala kira. Ka fara duba wanda aka yi wa rauni, ko ɗan waye. Sannan ka riƙe hannun naka, ka janye shi gefe, ka durƙusa daidai tsayinsa, ka faɗa masa laifinsa a kalma biyu uku, ba wa'azi ba. Ya mayar da abin da ya ƙwace, ya ba da haƙuri, ya zauna kusa da kai ɗan lokaci yana kallon 'yan'uwansa na wasa, wanda a wurin yaro ya fi bulala ciwo, sannan ka sake shi ya koma. In ya maimaita, wasan ranar ya ƙare, kuma in ka faɗa ka cika. Ka kuma duba ko yunwa ce ko barci, don yawancin fitinar yamma daga nan take.

Malamanmu na Islamiyya sun karantar da mu labarin Anas ɗan Malik, wanda ya yi wa Manzon Allah (SAW) hidima shekara 10. An aike shi, ya tarar da yara suna wasa ya tsaya. Manzo ya zo ta bayansa ya kama shi yana dariya, ya tuna masa aiken. Ba duka, ba zagi, kuma aiken ya tafi.

Saura ɗan wani. Mun tashi da cewa ɗa na kowa ne, kuma har yanzu muna kan haka: ka raba faɗa, ka tsawata da baki. Amma hannu, a'a. Ka je wurin ubansa bayan isha'i, ku biyu, ba a bakin kasuwa ba. In abin ya ƙi, ga mai unguwa, ga dattawan ƙungiya. Musamman mu kula da yaran bayin Allah da 'yan bindiga suka taso daga ƙauyukan Mariga da Rijau suka zauna cikinmu. Yaron da ya ga abin da suka gani yakan yi saurin kai hannu, namu kuma sukan tsokane su da baƙunta, alhali mu ma kakanninmu da ƙunshin kaya suka shigo garin nan.

Abu ɗaya ne ba a jira a kansa. Yaron da ya ɗauki dutse, ko ya bi ƙwallo ya nufi titin Yawuri inda manyan motoci ke wucewa, duk wanda ke kusa ya cafke shi, a yi bayani daga baya.

Muna roƙon sakatare ya rubuta shawarar cewa kowane lungu ya samu babba ɗaya, a riƙa karɓa-karɓa, mai zama a waje daga la'asar zuwa magariba. Sai a tattauna a zama na gaba. Wassalamu alaikum.