Takardar gidan waya ba ta jira har abada



Tun 1981 gawayin Anu Araran yake ba Arlit da Agadas wutar lantarki. Aikin Sonishar ya tara mutane daga Tawa, Maraɗi da Damagaram. Kowa ya baro iyali a gida, kowa yana jiran saƙo.

A ƙasarmu ma'aikacin gidan waya ba ya bin gida-gida. Wasiƙa tana zuwa cikin akwati mai lamba. In ƙunshin kaya ne ko wasiƙa mai rajista, ƴar takarda ake saka maka, ta ce ka zo ka karɓa.

In ka gan ta, kada ka yi sanya. Tafi da ita, tare da katinka na ɗan ƙasa, ka sa hannu. In wa'adi ya wuce ba ka zo ba, sai a mayar da saƙon ga wanda ya aiko shi. Kuɗin aikawa ya tafi a banza, kuma wata takardar, kamar ta kiran aiki ko ta fansho, ba ta zuwa sau biyu da sauƙi.

Da aka rufe Kominak a 2021, ma'aikata da yawa sun bar Akokan. Wanda ya tashi, ya gaya wa danginsa sabon adireshinsa. Mai aikawa kuma ya rubuta sunansa da lambar akwatinsa a bayan ambulan.

Ga amfanin karatu: ka karanta takardarka da kanka, ba sai ka nemi wani ba.

Allah ya ba mu sa'a.