Baƙo Ko Da Ido Makaho Ne: Jawabin Da Aka Gabatar A Taron Shekara Na Reshen Kaduna



Mai girma shugaban taro, wakilin mai girma Hakimi, iyayenmu dattawa, shugabannin rassa da suka taso daga nesa, 'yan'uwa maza da mata, ina yi muku barka da zuwa. An ɗora mini nauyin yin magana a kan halin da ɗan garinmu kan shiga ranar da ya fara sa ƙafa a birni, kuma da kaina zan fara.

A ƙarshen shekarun 1970, bayan kaka, na hau bayan wata motar hatsi da 'yar jakata a rataye. Abin da ke ciki riguna biyu ne, da ƙullin ƙuli-ƙuli, da takarda mai ɗauke da sunan kawuna da sunan unguwarsa, Tudun Wada. Aka sauke ni a Kawo dab da magariba. Na ɗauka da zarar na ambaci sunan kawu za a haɗa ni da yaro ya raka ni, kamar yadda ake yi a gida. Mutum na farko da na yi wa sallama ko waiwayowa bai yi ba. Na biyu ya ce, "Wane layi?" Ni kuwa ban san gari yana da layi ba. Na uku ya tarbe ni da fara'a, ya karɓi jakata wai zai samo mana mota, ya ce in jira shi a gindin wata bishiya. Jama'a, har yau ina jiransa. A barandar masallaci na kwana. Da asuba wani mai shayi, mutumin Nijar, ya ba ni shayi da burodi kyauta, ya biya mini kuɗin mota, ya damƙa ni a hannun kwandasta.

Kwana uku na yi kafin in sami kawu, amma mamaki bai ƙare ba. Na ga ana sayen ruwan sha daga 'yan ga-ruwa, abin da a gida kunya ce a karɓi kuɗinsa. Na ga gida ɗaya mai ɗakuna goma, Bayarabe da Inyamuri da Banufe da Bahaushe suna layi a bakin banɗaki guda. Na ji Hausar da ba ta bambanta "ya zo" da "ta zo", na yi dariya, ashe su ma tawa Hausar suke wa dariya. Na tarar ba a auna lokaci da hantsi ko la'asar, agogo ne sarki, wanda ya makara ya rasa aikin yini.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne wata maƙwabciyarmu, Kirista daga kudancin jihar nan. Wata biyu ina kauce mata saboda labaran da na taho da su daga gida. Da zazzaɓi ya kayar da ni, kawu yana wurin aiki, ita ta dama mini koko, ta aiki ɗanta ya sayo magani. Ran nan na gane cewa abin da baƙo ya fara gani ba shi ne gaskiyar gari ba. Wanda ya yi mini fara'a shi ya cuce ni, wadda na guda ita ta yi jinyata.

Kada mu manta Kaduna garin baƙi ce tun asali. Ƙasar Gwari ce, sai Turawa suka mayar da hedikwatar Arewa nan daga Zungeru a 1917, shi ya sa ake mata kirari da garin Gwamna. Daga baya masaƙar Kakuri ta fara aiki a 1957, kamfanin harhaɗa motocin Peugeot a 1975, matatar mai a 1980, mutane suka yi ta kwarara daga ko'ina. Sunayen wurare ma shaida ne: ga Unguwar Kanawa, ga titunan da ke ɗauke da sunan Kano da Katsina da Legas da Ibadan.

Sai dai garin da ya karɓe mu ya sauya. Rikicin 2000 da na 2002 sun raba mazauni, akasarin Musulmi suka tattaru a arewacin kogi, akasarin Kirista a kudu, irin gidan hayar da na zauna ya yi ƙaranci. Masaƙun da suka ɗauki dubban ma'aikata sun durƙushe. Yaron da ya sauka a Kawo ko Mando a yanzu yana da lambar waya a maimakon takarda, amma in wayar ba ta shiga ba, makantarsa irin tawa ce. Kuma da yawa ba ci-rani ya kawo su ba, hare-haren 'yan bindiga ne suka raba su da gonakinsu. Irin wannan yaro, wanda ya fara miƙa masa hannu shi zai bi, ko mutumin kirki ne ko dillalin ƙwaya.

Kakanninmu sun san maganin wannan. Fataken da suka je Gwanja sayen goro ba su sauka a kasuwar Salaga kara zube ba: akwai zango, akwai fatoma mai ba da masauki, ya adana dukiya, ya tsaya wa baƙo a ciniki. Haka masu gida suka yi a Sabon Ibadan. Mu da muka gaje su, me ya hana mu?

Don haka ina roƙon wannan taro abu uku. Na farko, a naɗa mutum biyu a kowace unguwa, daga Kawo da Unguwar Dosa da Badarawa har Tudun Wada da Rigasa, a kai lambobinsu ga masu unguwanni da limamai da tashar mota a gida. Na biyu, a kama ɗaki ɗaya daga kuɗin ƙungiya, inda baƙo zai sauka mako biyu kafin ya kama ƙasa. Na uku, masu shaguna da garejoji a cikinmu, kowa ya ɗauki yaro ɗaya a shekara ya koya masa sana'a.

Ga matasa masu shirin tahowa kuwa, a isar musu da wannan: kada ka ba kowa jakarka, ka yi tambaya a masallaci ko wurin dattijo mai sana'a a zaune, kada kuma ka yanke wa mutum hukunci da harshensa ko addininsa kafin ka ga halinsa.

Ban sake ganin mai shayin nan ba, ban kuwa san sunansa ba. Bashinsa yana wuyana, kuma hanyar biyansa ita ce mu tarbi na bayanmu. Allah Ya ba garinmu da jiharmu zaman lafiya, Ya mayar da kowa gidansa lafiya.