SARKIN YAWA YA FI SARKIN ƘARFI, AMMA DA SHARAƊI

Jawabin da wani malamin makaranta ya yi wa wakilan rassa a Birnin Ƙonni, bayan an tashi kasuwa

Ina gaishe da dattawanmu tukuna, sa'an nan 'yan'uwa da suka taso daga Malbaza, da Galmi, da Dogarawa, da Illela, da Badagishiri. Ni yaro ne a gabanku, aikina alli da allo. An ce in yi magana a kan tambayar da samari suke yawan yi: yaya mara ƙarfi zai ka da mai ƙarfi? Zan fara da tatsuniya, in bi da tarihi, ku kuwa ku auna.

Kowa a nan ya ji labarin Zakara da Giwa wajen kakarsa. Gardama ta haɗa su, Giwa ta ce da taki ɗaya za ta murƙushe shi. Aka sa ranar yaƙi. Giwa ta tara masu ƙafa huɗu, Zakara ya tara masu fiffike. Ya cika gora da ƙudan zuma, ya toshe, ya aje a hanya. Kura da kwaɗayi ta zo ta buɗe. Zuma ta watsu, rina ta bi, sauro ya shiga kunnuwa, shaho ya sauko ya tsone wa Giwa ido. Dabbobi suka juya a guje, suna tattake juna. Ku lura da abu ɗaya: babu ƙudan da ya kashe Giwa. Harbi ne ya yi yawa har rundunarta ta ruɗe, ta karya kanta da ƙafarta.

To, mu bar tatsuniya, mu zo ga abin da ya faru a ƙasan nan da muke zaune.

A watan Janairu na 1899 wata runduna ta Faransa ta baro bakin Kwara ta nufi tafkin Cadi. Shugabanninta kaftin biyu ne, Voulet da Chanoine. Da soja, da 'yan dako, da matan da aka kama a hanya, sun kai wajen mutum 2000, ga bindigogi masu saurin ɗuri, ga igwa. Runduna irin wannan ciki gare ta kamar na giwa. Kullum sai ta sha, sai ta ci. Yarjejeniyar da Ingila da Faransa suka yi a 1898 ta bar wa Ingila duk ƙasar da ke cikin mil 100 daga Sakkwato, Ƙonni ma tana ciki a lokacin. Hanyar da ta rage wa Faransa ta arewa ce, inda rijiyoyi suka yi nisa da juna. Ƙishirwa ta sa Voulet ya ratso kudu, ya faɗo mana.

Me talakawa suka yi? Da labarin ƙone-ƙone ya riga rundunar isowa, mutane suka riƙa kwashe iyali da bisashe suna shiga daji. Soja su iso gari su tarar da kango. 'Yan dako suna gudu da dare, ciwon ciki yana kashe waɗansu. Wanda ya ware daga ayari, kibiya mai dafi tana jiransa a cikin ƙaya. Voulet ya riƙa rataye 'yan jagora don haushi, abin kuwa bai ƙara masa ko tulu ɗaya na ruwa ba.

Ran 16 ga Afrilu suka isa Lugu, a ƙasar Arewa, garin Sarauniya Mangu. Maharbanta suka yi faɗa, da wuta ta yi zafi suka janye cikin kurmin ƙaya, inda doki ba ya shiga, inda mai bindiga ba ya ganin wanda ya harbe shi. Faransa ta yi asarar soja 4, aka raunata 6, harsashi kuwa ya ƙone da dubbai. Aka sa wa garin wuta, amma ba a kama Sarauniya ba, kuma da rundunar ta wuce mutanenta suka komo.

Ran 8 ga Mayu suka iso nan Birnin Ƙonni. Kakanninmu suna da ganuwa, suka dogara da ita kamar yadda aka saba tun zamanin doki da mashi. Ba laifinsu ba ne, ba su taɓa ganin igwa irin wannan ba. Ganuwa ta tara jama'a wuri ɗaya, ta ba mai igwa abin da zai auna. Aka kashe mutane ba adadi, aka ƙone birnin. Allah ya jiƙansu. Ku aje Lugu a hannun dama, Ƙonni a hannun hagu, ku duba: wanda ya watsu ya yi ta cizo ya tsira da mutanensa, wanda ya tsaya gaba da gaba ya sha wuta.

Ƙarshen Voulet fa? Wani hafsansa da ya kora, Peteau, ya rubuta wasiƙa ya tona abin da ake yi, magana ta kai Paris. Aka aiko Kanar Klobb ya bi sawunsu, yana tafe yana ganin toka da gawawwaki. Ran 14 ga Yuli, a Dankori, Voulet ya sa aka harbe Klobb. Sojansa da suka gaji da tafiya da jini suka juya masa. Ran 16 suka kashe Chanoine, ran 17 suka kashe Voulet, a wajen Maijirgi kusa da Tasawa. Kun ga Giwa ta faɗi a ƙarƙashin ƙafafun rundunarta, kamar yadda kaka ta faɗa.

Amma a nan tarihi ya rabu da tatsuniya, kuma wajibi ne in gaya muku. A tatsuniya, in Giwa ta faɗi, sai a ce ƙurunƙus. A duniya wata giwa tana bayanta. Sauran hafsoshi suka tattara rundunar, kafin watan Yuli ya ƙare sun ci Damagaram, a Afrilu na 1900 sun kai Kusuri inda aka kashe Rabe. Mulkin mallaka ya zauna mana har 1960. Dalili kuwa, kowane gari ya yi faɗansa shi kaɗai. Ba wanda ya tara masu fiffike a ƙarƙashin shawara ɗaya.

Abdoulaye Mamani ya rubuta littafin Sarauniya a 1980, Med Hondo ya mai da shi sinima a 1986, har ya ci babbar lambar FESPACO a Wagadugu a 1987. Aiki ne mai kyau, ya tashe mana da sunan da aka so binnewa. Amma mai littafi yana da ikon tsai da labari a inda zuciya ta yi sanyi. Mu da muke son koyon darasi, tilas mu karanta har shafin da ba shi da daɗi.

Inda dabarar ta ci sosai, ku dubi Aljeriya. Daga Nuwamba 1954 zuwa 1962 mayaƙanta ba su taɓa fin Faransa soja ko makami ba. A fagen fama ma an matse su ƙwarai. Amma akwai shugabanci ɗaya, akwai ƙauyukan da ke ba da abinci da mafaka, akwai masu kai ƙara a gaban duniya. Kuɗi ya yi ta zuba, iyaye a Faransa suka gaji da karɓar gawar 'ya'yansu, gwamnati ta faɗi a 1958, a Maris 1962 aka sa hannu a Evian. Farashin kuwa rayukan Aljeriyawa ne, dubbai ɗari-ɗari. Kada wani ya ce muku abin araha ne.

Inda ta faɗi kuma, ba sai mun je nesa ba. An haramta jam'iyyar Sawaba ta Djibo Bakary a 1959. A ƙarshen damina ta 1964 ta shigo da samari ƙungiya-ƙungiya ta kan iyaka, waɗanda suka koyi yaƙin sunƙuru a Gana, da Aljeriya, da Sin. Ƙasar Ƙonni tana cikin wuraren da suka nufa. Suna zaton da ƙarar bindiga ta farko talakawa za su tashi. Talakawa ba su tashi ba. Waɗansu don tsoro, waɗansu don ba a shawarce su ba, waɗansu ma suka bi sawun samarin tare da 'yan gwamnati. A nan yankinmu aka kashe Dandouna Aboubakar, a Yamai aka harbe waɗansu a bainar jama'a. A Afrilu 1965 aka jefa wa Diori Hamani gurneti a filin Idin Layya, ya tsira, yaro ƙarami ya mutu. Jarumtaka ba ta yi musu ƙaranci ba. Abin da suka rasa shi ne kurmin da maharban Lugu suka samu, wato mutanen da za su ɓoye ka don sun yarda da kai.

Saboda haka ga sharuɗɗa uku, ku kai wa rassanku.

Na ɗaya, yawa ba shi da amfani sai da shawara ɗaya. Tsintsiya sai da maɗauri take shara.

Na biyu, kada ka tsaya inda mai ƙarfi yake so ka tsaya. In ya ja ka zuwa fagen da ya fi ka, kada ka je.

Na uku, shi ne babba: cizon da ya sauka a jikin talaka ya ɓata. 'Yan bindigan da ke hawa babura suna faɗa wa ƙauyukan kan iyaka, suna kore shanu, suna kama mutane don fansa, su ma ƙananan hare-hare suke yi. Kada kowa ya haɗa su da Zakara. Fara ce da ta sauka a gonar gida.

Mu a nan ba mu da gorar zuma sai bakinmu da ƙafarmu. Mutum ɗaya da ka koya wa karatu, ma'auni ɗaya na ha'inci da kuka ƙi yarda da shi a kasuwa, ƙara ɗaya da kuka kai ku ashirin maimakon mutum guda, duk cizo ne. Gara ba ta da ƙaho, amma ku tambayi mai rumbu. Yau da gobe ita ke sa allura ginin rijiya.

Dattawa, in na yi kuskure ku gyara mini. Allah ya kai kowa gida lafiya. Wassalam.