Tarin da Ya Ƙi Jin Magani: Jawabi kan Kansar Huhu a Jihar Tawa

(Jawabin da ƴan kwamitin lafiya na ƙungiya sunka karanta a taron Sallar Layya. Mun buga shi nan domin ƴan uwa na Yamai, Agadas, Arlit da Abijan da ba su samu zuwa ba.)

 

Mai gari, limamai, dattawanmu, iyayenmu mata, da ku ƴan biɗa da kunka baro sana'o'inku kunka zo gida, muna gaishe ku, muna yi muku barka da Sallah. Shugabannin ƙungiya sun ɗora mana aikin yin magana a kan wani ciwo da ba a cika ambatonsa ba a ƙauyukan Adar, watau kansar huhu, wadda waɗansu ke kira ciwon daji ko sankarar huhu.

Jama'a, duk mun san yadda abin ke tafiya. Mutum ya dawo daga biɗa da tari. A ce sanyi ne, a ba shi zuma da citta. Wata ya wuce, a ce ƙurar hanya ce. In ya fara ramewa, sai a ce tarin fuka ne, a ware masa ƙwaryar shansa, a hana yara shiga ɗakinsa. In ya sha magani bai ji sauƙi ba, sai a ce sammu ne ko jifa, a shiga yawo da shi gari gari. Kafin a kai shi babban asibiti, an sayar da sa, an jinginar da gona, ciwo kuma ya riga ya bi jiki. Ga asarar rai, ga asarar dukiya, ga zargin maƙwabci wanda bai ji ba bai gani ba.

Wanga ciwo ba ƙarami ba ne. Ƙungiyar lafiya ta duniya ta ƙiyasta cewa a shekara ta 2022 mutum kusan miliyan 2 da rabi sunka kamu da shi, kuma kusan miliyan 1 da dubu 800 sunka rasu. Babu wata kansa da ke kashe mutane kamarta. A nan Nijar akwai littafin ƙidayar masu kansa da anka buɗe a Yamai tun 1992, kuma a cikinsa kansar nono, ta mahaifa da ta hanta sun fi ta huhu yawa. To amma kada wannan ya ruɗe mu. Wanda ke shiga littafin shi ne wanda ya kai ga lokotoro anka gane ciwonsa. Dattijon da ya cika a ɗakinsa a ƙauye, anka ce tari ya kashe shi, ba wanda ya rubuta shi.

Mene ne ke kawo shi? Babban dalili shi ne taba. Cikin mutum 100 masu wanga ciwo a duniya, kusan 85 hayaƙin taba ne sanadinsu. Sigari, lofe da shishar da samari sunka ɗauka yanzu, duk hanya ɗaya suke bi. Matar mai shan taba da ƴaƴansa da ke kwana ɗaki guda da shi, su ma suna shan rabonsu. Tun 2006 ƙasarmu ke da dokar da ta hana shan taba a wuraren taruwar jama'a, amma doka ba ta shiga zaure, sai dai mai gida ya shigar da ita.

Dalili na biyu ya shafe mu ƙwarai, mu mutanen jihar Tawa, domin hanyar uraniyom daga ƙofarmu ta tashi. Kamfanin SOMAIR ya fara fitar da uraniyom a Arlit a 1971, COMINAK kuma a Akuta daga 1978 har anka rufe ta a 2021. Ramin Akuta ya kai zurfin kusan mita 250. Dutsen uraniyom yana fitar da wata iska mai suna radon, ba ta da wari, ba ta da launi, kuma masana sun tabbatar tana kawo kansar huhu, musamman in ta haɗu da taba. Haka nan ƙurar dutse da samarinmu ke shaƙa a ramukan zinariya tun da anka samu ta Jado a 2014, da hayaƙin gazuwal na manyan motoci da injuna. Abin lura shi ne ciwon ba ya fitowa nan take. Yana iya kwanta shekara 10, 20 ko fiye, sai mutum ya bar aiki ya dawo gida ya manta. A 2011 an kafa wata ma'aikata ta musamman a jihar Agadas domin duba lafiyar tsofaffin ma'aikatan ramukan uraniyom. Saboda haka duk wanda ya yi aiki can, ya adana takardunsa na aiki, kuma duk lokotoron da ya gani ya gaya masa inda ya yi aiki da shekara nawa.

Yanzu ga maganar da muke so kowa ya tafi da ita. Tarin fuka da kansar huhu suna kama da juna: tari mai daɗewa, jini a cikin kaki, ciwon ƙirji, ramewa, gajiya, ƙarancin numfashi. Amma tarin fuka ƙwayar cuta ke kawo shi, ana ɗaukarsa, ana gane shi da awon kaki, maganinsa kyauta ne a likitar gwamnati, kuma wata 6 ake sha a warke. Kansa ba a ɗaukarta. Ku ci ƙwarya guda da mai ita, ku zauna kusa da shi, babu abin da zai same ku. Don haka duk tarin da ya wuce sati 2, a je likita a yi awon kaki. In awo ya nuna ba tarin fuka ba ne, ko an daɗe ana shan magani babu sauƙi, kada a koma gida a zauna. A nemi takarda zuwa babban asibitin Tawa a ɗauki hoton ƙirji. In sun ga wani abu, sai Yamai, inda ake ɗaukar hoton sikana, a tsakuro ɗan nama a auna. Wanga awo shi ke raba gardama.

Magani iri uku ne manya. Akwai fiɗa, a cire wurin da ya lalace, amma sai in an gane ciwon tun yana ƙarami. Akwai magani mai ƙarfi da ake sakawa ta jijiya lokaci lokaci. Akwai kuma gashi da na'ura. A da, mai buƙatar gashi sai ya fita ƙasar waje. A 2021 anka buɗe wurin gashi na farko a cibiyar ƙasa ta yaƙi da kansa a Yamai. Mun gode Allah, amma daga Tawa zuwa Yamai kilomita 500 ne da ɗoriya, kuma gashi ba na yini guda ba ne, ana yin makonni ana zuwa. Ga kuɗin mota, ga masauki, ga abincin mai jinya, ga gonar da anka bari ba noma. Nan ne iyali ke karyewa, har su ɗauko majinyaci tsakiyar magani.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Kwamiti yana kawo wa taro shawara huɗu.

Na ɗaya, a buɗe asusun jinya dabam da na gyaran rijiya. Kowane ɗan biɗa ya zuba jikka guda a wata, manomi kuma ya ba da damin hatsi a kaka. Mutum uku su riƙe littafi, a karanta shi a kowane taro.

Na biyu, ƴan uwanmu mazauna Yamai su tsayar da mutum biyu masu tarbar majinyaci a tasha, su raka shi asibiti, su yi masa tafinta, su jera gidajen da za a riƙa saukarsa bi da bi.

Na uku, a daina shan taba a zauren taro, a ƙofar masallaci da ɗakin kwana, kuma a daina aiken yaro sayen sigari. Wanda ya bar taba, bayan shekara 10 hatsarinsa yana raguwa kusan rabi. Ba a makara ba ko ga mai furfura.

Na huɗu, in lokotoro ya ce ciwo ya wuce warkewa, kada mu ce shi ke nan. Akwai maganin rage zafi, a roƙa a karɓo masa. A dawo da shi cikin iyalinsa, a bar shi ya biya bashi, ya yi wasiyya, kada a kashe abin marayu wajen masu alkawarin ƙarya.

Malamanmu, muna roƙon ku faɗa wa jama'a a masallaci cewa addu'a da zuwa likita ba kishiyoyi ba ne. Iyayenmu mata, ku ke jin tarin dare kafin kowa, ku yi magana tun da wuri. Rai na Allah ne, amma neman magani namu ne.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya jiƙan waɗanda sunka riga mu, ya ba mu damina mai albarka, ya maida kowa masaukinsa lafiya. Amin.